Agogo Biyu a Kan Katako Ɗaya

Da ana mayar da magana cikin baki, da na mayar da wadda na faɗa ranar wata kasuwar Illo, damanar da na shiga aji uku. Mahaifina gyaran agogo yake yi a wata rumfa kusa da 'yan kifi. A makon ne wani ɗan kasuwa ya ƙetaro masa da agogon bango guda biyu daga ƙasar Binin, irin masu ƙarfe yana lilo a ciki. Baba ya rataye su a kan katako ɗaya da ya gitta rumfar.

Aikina in na taso makaranta, na ba awaki dusa, shi ne in share rumfa in wana agogunan da mabuɗi. Nan na lura da wani abu. Ko na tayar da su daban-daban, kafin la'asar sai in ji ƙararsu ta zama ɗaya: wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu, ba saɓani. Na sa yatsa na ɓata tafiyar ɗaya, ya sake komawa.

Inna Mariyama mai soya kifi, wadda aka auro daga Dole Kaina, takan zauna a inuwarmu tana kallonsu tana gyaɗa kai. Ita ce ke ba ni kan kifi kullum. Ranar nan, a gaban mutane, na ce ita ke juya agogunan da ido. Na faɗa ne don a ce ina da wayo. Kafin kasuwa ta gaba an fara kiranta mayya, masu saye suka janye, ta daina zuwa. Baba ya zane ni, ya mayar da agogo ɗaya jikin bangon ƙasa. Agogunan suka daina haɗuwa, ni kuwa na ɗauka tafiyarta ce ta karya abin. Haka na tsufa, rabin zuciyata na cewa na zalunce ta, rabi na tsoron ko gaskiya na faɗa.

Bara jikata Hajara, mai karatun koyarwa, ta nuna mini bidiyo a wayarta na wasu ƙananan na'urori masu lilo, an jera su kan katako bisa gwangwani. Suka fara a hargitse, suka ƙare tare.

"Kaka, katakon ne," in ji ta. "Kowane na ɗan girgiza shi, shi kuma yana kai wa sauran, har su daidaita."

Na ce ta sake kunnawa, har sau uku. Ashe raba su da Baba ya yi ne ya hana.

Inna Mariyama ta daɗe da rasuwa, amma na nemo 'yarta a Bahindi, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta yi dariya har da share ido.

"Tashi, Malam. Inna ta sha faɗin wanga zance. Cewa take, yaro na, bai san mi ya faɗi ba, ta yahe tun ranar."

Na dawo gida jikina sakayau. Yanzu agogo na cikin waya, ba ya lilo, rumfar ma babu ita, sai dai nakan tuna kan kifin nan. Roƙona gare ku, in abu ya ba ku mamaki, ku fara duba katakon kafin ku ambaci sunan mutum.