Kamfanin Jiragen Yaƙi na Kawuna

Kamfanin ƙera jiragen yaƙi na farko a Agiye kawuna ne ya kafa shi, kuma da injin niƙan mahaifiyata, shi ya sa nake da bakin magana a tarihinsa.

Kawu ƙanen Inna ne. Motar haya yake ja tsakanin Agiye da Maradi, har ranar da ta gaji ta kwanta a bakin Cadawa ba ta sake tashi ba. Zaman banza ya haɗa shi da salula. A cikinta ya ga labarin wani kamfanin Turawa mai ƙera wa sojoji jiragen sama, wai a 'yar rumfa ya fara. Kawu ya ɗaga kai ya dubi rumfar ƙofar gidanmu. Shi ke nan, muka shiga uku.

Ya jawo wani mai walda daga Gazawa, wanda ya zo da tsofaffin duro da kwanon rufi. Wani dillalin awaki na Gidan Rumji ya kawo tayoyin amalanke, aka ba shi muƙami. Ba a je ko'ina ba kamfani ya rabe, don Kawu da mai walda kowa na son a kira shi shugaba. Mai walda ya ciro fiffike ɗaya ya tsallaka titi ya kafa nasa kamfanin. Da ya ga babu abin da ake yi da fiffike ɗaya sai ya dawo, aka dafa shayi, aka ce kamfanonin biyu sun haɗe.

Jirgin da ke cikin salula kujera ɗaya gare shi. Kawu bai yarda ba.

"Kujera guda? Wa za shi saye? Ai asara ce!"

Ya sa aka jera benci uku a ciki, aka shafe jirgin da fenti kore da ruwan ƙasa irin na kayan soja. Saura inji.

Injin niƙan nan ni ke tsaron sa. Kafin Inna ta saye shi ni ke dakan geron gidanmu duka, tafin hannuna duk kanta. Injin tsoho ne, masara kawai in ta yi yawa sai ya kama tari. Na san idan aka ɗora masa jirgi ya ƙone, turmi na nan yana jira na. Na yi magiya, na yi kuka, amma Inna ba ta iya hana ƙanenta komai.

"Yaya, yini guda kaɗai," in ji shi.

"In rana ta faɗi in ga abina," in ji ta.

Ranar gwaji aka tura jirgi filin bayan tasha, an ɗaura wa injin farfela ta katako. Kawu ya hau gaba da hular kwano. Ni ina gefe, ina jiran ya ja igiyar tayar da injin. Sai na ga bai ja ba. Ashe halin direba bai bar Kawu ba: direban tasharmu, ko duniya za ta tashi, ba ya tayar da mota sai ta cika. Kawu ya kira kamasho, mai yi wa motoci kiran fasinja, ya ce ya fara aiki.

"Maradi! Maradi ta sama!"

Wallahi aka samu masu shiga. Wani tela ya shiga, wata tsohuwa ta shiga da kajinta, ta ce ita dai a sauke ta Cadawa. Dillali ya ɗaure akuya a kan fiffike. Wani jandarma ya kewaya jirgin sau ɗaya ya tafi yana riƙe da ciki don dariya. Kafin azahar benci ya cika, saura gurbin mutum ɗaya, kuma duk wanda ya rage a filin yana da hankali.

La'asar ta yi. Kamasho ya gaji ya tafi, Kawu ya karɓi kiran da kansa. Can ya hango ni.

"Ɗiyata, taho ki cika muna. Ba ki biyan komi."

Na dubi injin, na dubi hannuna.

"Kawu, ni ba ni da inda za ni."

"Ki zamna kawai. Kawunki na roƙon ki."

Na ji tausayinsa har cikin raina, don ban taɓa ganin ya roƙi kowa da wannan murya ba. Na sunkuyar da kai, ban motsa ba.

Ya ci gaba da kiran saura mutum ɗaya har muryarsa ta dushe. Tsohuwa ta sauka da kajinta tana mita, akuya ta cinye igiyarta ta gudu. Da rana ta faɗi Inna ta iso da amalanken jaki, aka kwance injin, ko ɗumi bai yi ba. Washegari na niƙa wa unguwa gero ina waƙa.

Kawu bai yi mini magana ba sai bayan kaka. Har yau kuwa idan aka tambaye shi me ya kashe kamfanin, ba ya cewa jirgin ne ba zai tashi ba. Sai ya juyo ya nuna ni da baki, ko da ina cikin miƙa masa tuwo.