Gadaje Uku Masu Jan Fenti

Har yau ban manta da Talatar da aka kawo injin kankare fenti asibitinmu ba. Ku da kuke aikin jinya yanzu kun san ni tsohuwa ce da ke zaune cikin gida a Unguwar Rogo, amma kafin in zauna na yi shekara huɗu ina aiki a ɗakin yara na wani ƙaramin asibitin gwamnati a nan Sakkwato. Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai suka shigo, kullum sai ka ga sabon abu an sauke daga mota. Ni ba nas ba ce. Da na gama sakandare aka ɗauke ni mai taimakon nas: in yi shimfiɗa, in wanke yara, in riƙe hannu idan za a sa ƙarin ruwa, in rarrashi uwaye. A sama da ni akwai nas-nas, a samansu akwai Sista Rifkatu mai kula da ɗakin, sannan Sakatare, wanda duk abin da ba magani ba yana hannunsa.

Gadajen ɗakinmu ashirin da huɗu ne a takarda. Na ƙarfe ne, masu tsawo, da shinge a gefe don kada yaro ya mirgino. Ƙafafunsu bututu ne, cikinsu rami. Kullum da safe muna kwarara ruwa muna wanke ƙasa, ga fitsarin yara, don haka tsatsa takan ci ƙafar daga ciki, waje kuwa ba a ganin komai.

Wanda ya san wannan shi ne Baba Yohanna, mai fentin asibitin, mutumin kudancin Zariya, wanda ya tsufa a Sakkwato har ya aurar da 'ya'yansa a nan. Da hannu yake aikinsa, da guntun ƙarfe da samfefa, gado ɗaya yakan ci masa kwana biyu. Kafin ya taɓa gado sai ya fiddo wani tsohon cokali daga aljihu ya ƙwanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya karkatar da kai yana saurare. Mukan yi masa dariya.

"Baba, mi gadon yac ce?"

"Ya ce ku rage zuba masa ruwa, Luba. Ya ce shi ba shinkafar fadama ba ne."

Da wannan cokali ya gano gadaje uku da suka mutu. Ya shafa wa kowanne jan fenti, layi biyu gicciye a wajen kai, aka fitar da su bayan sito. A ƙa'idar gwamnati ba a jefar da kaya sai kwamiti ya zo daga ma'aikata ya gani da idonsa ya sa hannu. Shekara uku kwamitin bai zo ba. Gadajen suna nan ƙarƙashin dogon yaro, a kansu nake shanya tsummokin yara. Saboda haka a takarda ashirin da huɗu, a ɗaki ashirin da ɗaya.

Sai aka ce wani babban soja zai zo duba asibiti ranar Asabar. Sakatare ya ce aikin Baba ba zai kai ba, aka ba ɗan kwangila. An tura Baba bakin ƙofa yana shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa. Mu kuma muka kwashe yara muka shimfiɗa musu katifu a baranda, lebura suka fitar da gadaje tsakar asibiti.

Wanda ya zo da injin sunansa Malam Garba, magidanci ne mai fara'a. Injin irin na huda ƙarfe ne mai aiki da lantarki, sai dai a bakinsa, maimakon abin huji, an ɗaura wani faifai na wayoyi kamar buroshi. Aka jawo waya ta tagar ofis. Da ya danna, faifan ya ɗauki juyi da ƙara kamar ta injin niƙa, ya ɗora shi a kan gado. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fenti yana tashi kamar ana sheƙe gero: fari ya tafi, kore ya fito, kore ya tafi, ruwan toka ya fito, sai ga ƙarfe yana walƙiya kamar sabuwar tasa. Aikin kwana biyu, kafin ka sha fura ya gama. Masu jinya suka kewaye shi, masu gadi suka bar ƙofa. Ni ma ina cikinsu, da kwanon wanki a hannu, ina cewa tabarakallah.

Wajen la'asar na ga ƙurar da ke tashi ta koma ja. Na gani da idona. Har na ce wa wata nas, "Dubi wagga ƙura, awa jan kwalli." Muka yi dariya, na wuce. Ban tsaya na tambayi kaina jan mene ne ba.

Sai washegari da na fita shanya na tarar da gindin dogon yaro wayam. Na tsaya da tsumma a hannu. Na koma tsakar asibiti na ƙirga: ashirin da huɗu, dukkansu tsirara, babu lamba, babu ja, an fara shafa musu fari.

"Malam Garba, gadajen da ke bayan sito fa?"

"Suna cikin waɗanga. Ashirin da huɗu anka ce mani, ashirin da huɗu na yi."

"Ba ka ga jan fenti ba gare su?"

"Na gani mana. Shi ne ma yaf fi wuyar fita." Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya daina. "Malama, ni an ce in fidda tsatsa da fenti. Ba wanda yac ce mani akwai fentin da ba a fiddawa."

Gaskiyarsa ne. Inda ya ga ɗan rami ma ya cike da abin cike ƙarfe ya goge, don aikinsa ya yi kyau.

Na gaya wa Sista Rifkatu. Ta cire tabarau ta dafe goshi, ta ce in kira Baba Yohanna. Ya zo hannunsa duk farar ƙasa, ya tsaya yana kallon gadajen kamar wanda aka ce ya nuna 'ya'yansa cikin taron Idi. Sai ya fiddo cokali.

Ranar Juma'a ce muka samu damar farawa, bayan an mayar da gadajen ɗaki, lokacin da maza suka tafi masallaci. Baba yana durƙusawa yana ƙwanƙwasawa, ni ina biye da shi da guntun bandeji. Ƙafa mai lafiya takan amsa da tsawo. Matacciya kuwa takan yi shiru nan take, kamar an bugi busasshen kara. A gado na shida ya ɗaga kai ya ce, "Ɗaure." Na ɗaura bandeji a ƙafar. A na goma sha ɗaya ma haka. Amma aikin ba sauri, fentin ya yi kauri yana danne sauti, sai ya sake bugawa sau uku sau huɗu, gwiwoyinsa kuma na tsofaffi ne. Ga shi fentin bai gama bushewa ba, duk inda cokali ya sauka sai ya bar tabo.

Muna kan na goma sha biyar Sakatare ya shigo, carbi a hannunsa.

"Yohanna! Mi kake yi wa gadajen gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, akwai uku da na kashe a cikinsu. Na samu biyu, saura ɗaya."

"Ka kashe? Kai ne kwamiti?" Ya sunkuya ya dubi tabon. "Gobe da safe mutanen ga na zuwa, kai kana bin gadaje kana sassaƙa. Ko don ba a ba ka aikin ba?"

Baba ya miƙe a hankali, yana dafa gado.

Sista ta ce, "Yallaɓai, tara suka rage. Minti talatin."

"Bayan baƙi sun tafi ku yi ta kiɗinku. Yanzu a fita."

Ba mugun mutum ba ne Sakatare, ina so ku san haka. Tsoro ne. A lokacin ana korar manya daga aiki ta rediyo, mutum yana cin abincin rana zai ji sunansa.

Sojan ya zo ranar Asabar. Ya leƙo daga bakin ƙofar ɗakinmu, ya ce da kyau, ya wuce. Ko takalminsa bai taka ƙasar da muka wanke sau uku ba.

Ranar Litinin na nemi Baba, aka ce an tura shi wani ɗakin shan magani a ƙauye ya yi fenti, sai bayan wata biyu. Sista ta rubuta wa Sakatare takarda, amsa ta dawo cewa an sabunta gadaje duka, ga shaidar ɗan kwangila. Biyun nan masu bandeji muka tura ƙarshen ɗaki muna ɗora barguna a kai. Na ɗauko cokali daga kicin na bi taran nan ni kaɗai. Na buga, na saurara, na sake bugawa. Duk ɗaya suke a kunnena. Na girgiza su, babu wanda ya motsa.

A nan ne laifina yake. Na fara gaya wa kaina ko biyu ne dama, ni ce na manta. Ni da na yi shekara uku ina shanya a kansu. Sai kuma ƙyanda ta shigo gari da zafin bazara, ɗaki ya cika, yara biyu a gado ɗaya, wasu a ƙasa. Ba wanda ya sake ɗaga maganar, ni ma na yi shiru.

Cikin waɗanda aka kwantar akwai wata yarinya A'i, 'yar shekara biyu. Mahaifiyarta Tumba ta kawo ta a goye daga wani ƙauye bayan Kwalkwalawa, inda suke noman shinkafa. Mace ce mai kunya, ko ruwa ba ta sha sai ta juya baya. Kwana huɗu tana zaune a ƙasa gefen gadon, hannunta ta tsakanin shinge tana riƙe da ƙafar yarinyar. Ni ce na ga tausayinta. Ranar da A'i ta buɗe ido ta nemi nono, na sauke shingen na ce, "Hau ki zauna, Inna, ki ɗauke ta da kyau. Gadon na ɗiyarki ne."

Ta ce, "A'a, Malama, in ɓata maku shi?"

Na ce, "Hau dai."

Ban kai ƙofa ba na ji ƙarar. Ba babbar ƙara ba ce. Ƙafar baya ta lanƙwashe kamar karan dawa, gadon ya tuntsure, sandar ƙarin ruwa ta bi shi, kwalba ta fashe. Yarinyar ta suɓuce daga hannun uwar, kanta ya bugi ƙarfen gadon da ke kusa.

Bayan an ɗauke ta na durƙusa na ɗaga ƙafar. Jan gari ya zubo daga cikin bututun kamar dakakken barkono. Fentin ne kawai ke tsaye, fari fat, siriri kamar ɓawon ƙwai. A lungun wajen kai, inda wayoyin injin ba su kai ba, ga ɗigon jan fentin Baba. Da na sunkuya tun farko na leƙa lunguna maimakon buga cokali, da na gan shi.

A'i ta rasu bayan kwana biyu, da hantsi. Likita ya ce ƙyandar ta riga ta sauka a ƙirji. Wataƙila haka ne. Allah Shi ne masani, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na yi imani da wannan, amma bai taɓa sauke mini abin da ke ƙirjina ba.

Da mijinta ya zo suka naɗe yarinyar a zane za su tafi, Tumba ta dawo ta same ni wajen famfo. Ta durƙusa har ƙasa.

"Malama, ku yi man aikin gafara. Ni nik karya maku sabon gado. Mu ƙasa munka saba, ban iya zama bisa ba. Don Allah kada a gaya ma soja."

Na kama hannunta na ɗaga ta. Bakina ya cika da magana, amma abin da ya fito shi ne, "Ba komi, Inna. Allah Shi jiƙanta." Ta yi ta godiya. Ta tafi tana ganin mun yi mata alheri.

Da Baba Yohanna ya dawo ya bi gadajen duka da cokalinsa, ba wanda ya hana shi. Da ya gama ya zauna a bakin baranda ya ce, "Luba, fenti na shafa musu don ina tsoron takarda. Da ma guduma na sa na karya ƙafafun tun ranar, su kore ni in sun so." Washegari ya jawo biyun nan masu bandeji zuwa bayan sito ya karya su, kwamiti bai zo ba har na bar aiki.

To ku da kuke ciki yanzu, abin da zan ce muku ke nan. Idan kun tabbata abu ya mutu, kada ku tsaya ga yi masa alama, domin wanda zai goge alamar ba maƙiyi ba ne, mutumin kirki ne da aka ce ya yi sauri. Idan an kawo sabon abu yana walƙiya, ku nemi tsohon da aka tura bakin ƙofa ku tambaye shi. Kuma mutanen da ke zuwa muku daga ƙauye, komai kuka ce su hau za su hau, in ya karye su ba ku haƙuri. Ni kuwa duk sallar da na yi ina sa A'i a addu'a, ina kuma roƙon Allah Ya haɗa ni da Tumba, nan ko can, in gaya mata gadon ba sabo ba ne.