Ƙwallo Ɗaya Kafin Aikin Gwiwa

Likita ya ce da bazara za a yi min aikin gwiwa, daga nan kuma na gama da buga ƙwallo. Shekarata hamsin da huɗu, ina tuƙa bas a titin Old Kent Road da ke Landan, kuma tun da na baro Kaduna ban sake jefa ƙwallo a raga ba. Wannan ya fi wuƙar likita damuna.

Ranar Lahadi muke wasa, mu tsofaffi masu tumbi, a wani fili bayan shagunan 'yan Najeriya. Kocinmu mutumin Slovenia ne, dogo mai furfura, yana ɗingishi. A ƙasarsu ya daɗe yana buga lamba tara, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo, ya koma horar da ƙungiyoyi, aka sallame shi kamar yadda ake sallamar kowane koci, sai ya biyo 'yarsa Landan. Ba shi da yawan magana. Ni kuwa Allah ya hore min baki. Na sha ba shi labarin yadda nake yanke 'yan baya a Tudun Wadar Kaduna, ƙafa ba takalmi. Sai ya kalli tumbina kawai.

Ranar da na gaya masa an sa min ranar aikin, ya ja ni gefe ya ce, "Gudunka ya yi yawa. Ka laɓe bayan mai tsaronka, inda ba ya ganinka. Ka ƙirga biyu, sannan ka fito."

Na ji haushi. Ni za a koya wa cin ƙwallo? Amma na bi. Lahadi biyar ina laɓewa ina ƙirgawa, ina ɓarar da ƙwallo, har mai tsaron gidanmu ya fara yi min dariya.

Lahadin ƙarshe kafin aikin ana yayyafi. Aka bugo ƙwallo daga gefe, na ƙirga biyu, na fito. Ba ma da ƙafa na buga ba, a ƙwauri ta same ni, ta gangara raga a hankali. Mummunan ci ne, amma ci ne.

Na ware hannuwa na tsaya ina jira. A Tudun Wada da tuni an danne ni ƙasa, mutum goma a kaina, warin gumi, ba na iya numfashi. A nan kowa ya dafa ƙugu yana haki, wani ya ɗaga min babban yatsa daga nesa. Kewar gida ta kama ni har na ji kunyar hannuwana.

Sai na hango kocin ya taho da ɗingishinsa, yana gudu iya ƙarfinsa. Ya ɗare bayana, gwiwata ta lanƙwashe, muka zube cikin taɓo mu biyu. Zafin ya kai min har ƙwaƙwalwa.

Ya ce, "Na ji maka ciwo? Bari in tashi."

Na riƙe rigarsa na ce, "A'a, koci. Tsaya tukuna."