Mutumin da ke Cikin Albasa

Ƙanena Tokuji ya haura shekara hamsin a duniya ba wanda ya taɓa waiwayowa don ya sake kallonsa. Ni Sumie, yayarsa, ni na goye shi, saboda haka ina da bakin magana. Tun yana yaro haka yake, ga jiki kamar buhun shinkafa, ga murya sai ka kasa kunne. An taɓa fita da 'yan ajinsu kallon teku aka baro shi a tashar jirgin ƙasa, ba a tuna da shi ba sai da aka ga abinci ya yi saura. Da ya girma ya samu aiki a ofishin garinmu, Hamazoe, a sashen magudanan ruwa. Bai yi aure ba. Wadda aka taɓa haɗa su su gana ta ce lallai mutumin kirki ne, sai dai ta manta kamanninsa.

Mu nan albasa muke nomawa, da ita muke taƙama. Da kowane gari ya shiga yin dodonsa na talla, mu ma aka ɗinko mana namu: ƙatuwar albasa mai ƙafafu, da idanu kamar faranti, aka raɗa masa suna Negimaru. Soso ne da gashin roba, iska ba ta da hanyar shiga, sai zik ɗaya a baya. Aka nemi mai shiga ciki, samarin ofis duk suka noƙe. Sai Kuroiwa, shugaban kwamitin bukukuwa, ya hango Tokuji a lungu, ya ce ga wanda zai cika rigar ba sai an ƙara tsumma ba.

Dokar kuwa kowa ya san ta: ba kowa a cikin Negimaru. Ko ɗan yaye ya san da mutum a ciki, amma furtawa rashin tarbiyya ne. Saboda haka ba a wanke shi, don ba a ɗauke shi tufafi ba. In an tashi daga taro sai a cusa shi a leda da jiƙarsa, a kulle a sito.

Da farko Negimaru bai burge kowa ba. Ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya rusuna, shi ke nan. Sai wata damina ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, irin wadda takalmi ke yin funfuna a bakin ƙofa. Nan ƙaiƙayi ya kama ƙanena a hammata, da ƙarƙashin tumbi, da matse-matsi. Hannuwan albasa kuwa gajeru ne, ko hancinta ba sa kaiwa.

Ranar bikin cire albasa, magajin gari yana ta zuba jawabi, Negimaru na tsaye a bayansa, abin ya motsa. Sai aka ga albasa tana goga cinya da cinya. Ta kaɗa gwiwar hannu a haƙarƙari kamar kaza, ta murguɗa ƙugu, ta ja da baya ta gurza jiki da ginshiƙi, ta yi tsalle ta sake murguɗawa. Yara suka kwashe da dariya, manya suka bi. Wani ya ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo har 'yan talabijin sun zo. Aka ce Rawar Albasa ce. Aka shiga koyar da ita a makarantu, tsofaffi na yin ta a motsa jikin safe, kowa na sosa inda ba ya yi masa ƙaiƙayi.

Ni sana'ata wanki da guga, kuma ni ke wanke kayansa. Singiletinsa suka fara zuwa da tabo a hammata, da wani wari mai tsami. Na tare shi a ƙofa.

"Ɗaga hannunka in gani."

"Yaya, ba komai fa."

"Ni na yi maka tsarki kana jariri, yau za ka ji kunyata? Ɗaga!"

Ya ɗaga. Wurin ya yi ja jawur, ya dahu, gefe-gefe yana saɓa. Na tasa ƙeyarsa sai asibitin Likita Okabayashi, wata tsohuwa da ta san cutar kowane gida a garin. Ta duba, ta ce naman gwari ne, dangin makero, ba abin da yake so kamar lungu mai ɗumi da laima.

"Wane aiki kake yi da ke sa ka gumi haka, Tokuji?"

"Magudanan ruwa, Likita."

"To, madalla," in ji ta. Ta ba shi man shafawa, ta ce ya riƙa wanke wurin, ya tsane shi sosai, ya sa auduga a jiki, kada kuma ya bar maganin don ya ga jan ya baje. Sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki. "In ka gamu da wani abokinka mai zagayayyen jiki, ka ce masa na ce ya riƙa shan rana."

Magani ya yi aiki. Ƙaiƙayi ya tafi, rawa ma ta bi shi. A taron da ya biyo baya aka saki kiɗa, Negimaru ya ɗan motsa kamar mai ɗauke da firji, ya tsaya. Yara suka yi ta jira. Washegari Kuroiwa ya biyo ta teburin Tokuji, yana magana yana kallon bango.

"Tokuji, ko ka ji labarin Negimaru? An ce ba shi da lafiya."

"Ranka ya daɗe, ina jin lafiyar ce ta samu."

"To, a gaya masa bikin bazara ya matso, baƙi za su zo daga birni. In ƙafarsa ta yi nauyi, akwai masu jini a jika."

Na sha leƙa Tokuji yana gwada rawar a gaban madubi. Abin tausayi, abin dariya. Ashe rawar ba a kansa take ba, a hammatarsa take.

Ba a daɗe ba tabo ya dawo a singileti. Na shiga banɗakinsa na tarar da man shafawar a cike, ga wata singiletin an jiƙa an rataye a inuwa don ya sa da safe. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Kai Tokuji, noman cuta ka koma? Har da ban ruwa?"

"Bikin nan kawai, Yaya. Daga shi sai in koma kan magani."

"Daga shi sai wani. Dubi yadda kake tafiya kamar agwagwa!"

Ya zauna a bakin dakali, ya sunkuyar da kai. "Yaya, in ina cikin albasar nan yara da gudu suke zuwa su rungume ni. Tsofaffi na riƙe mini hannu. Ke tunda kike, kin taɓa ganin wani ya taho wurina da gudu?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, kuma ni ma ban taɓa ba. Na ƙyale shi. Amma da biki ya ƙarato fatar ta tsage, ta fara ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Likita ta ce wata cutar ta samu ƙofa ta shiga, in aka yi wasa sai an ba shi gado a babban asibiti. Shi kuwa yana kwance yana rawar sanyi yana tambayata ko an yi hasashen ruwa ranar biki.

Na zare mabuɗin sito daga aljihun wandonsa. Da rana tsaka na ɗoro Negimaru a keken kai wanki, na bi da shi ta tsakiyar kasuwa. Na zuge zik ɗin, na juya cikinsa waje, baƙi ƙirin da funfuna, warin har da sa hawaye. Na dirje shi da ruwan zafi da sabulu, na shanya a igiyar saman shagona, ƙafafu sama, inda duk mai wucewa zai gani. Masu wucewa suka riƙa kallon takalmansu. Iyaye mata na rufe wa yara ido. Can sai ga Kuroiwa yana haki.

"Sumie! Me kika yi wa Negimaru?"

"Wanka."

"Ai farke shi kika yi a bainar jama'a!"

"Ba ku kuka ce ba kowa a ciki ba? To zo ka leƙa, akwai mazauna, har sun yi jikoki."

"Ki rage murya, don girman iyayenki."

Ai kamar ya ce in ƙara. Na tsaya a tsakiyar titi na ce kowa ya ji, ƙanena Tokuji ne a cikin wannan abu, rawar da suke koya wa 'ya'yansu susa ce, hammatarsa ta dahu, ƙarƙashin tumbinsa ya tsage, sauran wurin kuma ba zan ambata ba don akwai yara. Sai da na shiga shago na sha ruwa sannan na gane abin da na yi.

Tunda an san na ciki, ba shi da sauran shiga. Aka bai wa wani saurayi rigar, ya koyi rawar daga waya, ya yi ta tsaf ranar biki, baƙi suka tafa. Tokuji yana gida ya ji kiɗan ta taga. Ya sha maganinsa, ya shafa na shafawa, ya riƙa busar da lungunan da ƙaramar fanka kamar yadda aka ce, ya warke sarai. Amma ya daina yi mini magana. In na kawo abinci ya rusuna kamar ga baƙuwa. Ofis ma ta bayan layi yake zuwa. Na ceci fatarsa na raba shi da abu ɗaya da yake da shi, kuma ban san ko zai yafe mini ba.

Ran nan ƙafata ta yi ciwo, dole na aike shi kasuwa sayen kifi. Ya ja hula har hanci ya fita. Na jira, shinkafa ta nuna ta huce, shiru. Har na ɗauki sanda zan bi sawu sai ga shi, hular a hannu, da ƙunshin tofu, wato awara, da ban aike shi ba.

"Ina ka tsaya?"

"Ba su bar ni na wuce ba." Ya miƙo mini ƙunshin. "Ina shiga mai kifi ya ƙwala kira, wai Tokuji, yaya hammata? Mai tofu ta ce in ɗaga ta gani, ta ba ni wannan. Masunta kuma suka ja ni bayan rumfa, ashe rabinsu abin na cin su a cikin wandon robar nan, kunya ta hana su zuwa asibiti. Wai in faɗa musu yadda ake yi. Tsoho Hatanaka har da cewa in raka shi gobe."

"To, kifin fa?"

Ya dubi hannunsa, babu kifi. Ya yi dariya, ya share ido da hular.

"Yaya," ya ce, "da fuskata fa na je."