Jan Fensirin Malam Ezekiel da Mayafin Goggo Husaina

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata Malam Ezekiel yake fitowa daga gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tari a-daidaita-sahu mai zuwa Tarauni. A jakarsa akwai tsofaffin littattafan wasan kwaikwayo da bangonsu ya ɓare, da jan fensiri guda. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana koyarwa. Mutumin Kagoro ne, malamin Hausa a wata makarantar sakandare, kuma shi ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayonta. Ƙarshen wannan zango zai ajiye alli.

Wanda ya karanta tsofaffin wasannin nan ya san cike suke da harshen damo. Ɗan wasa zai faɗi magana, yara su ji ma'ana guda, manya su ji wata. Wata maganar zungurar azzalumi take yi ko mai tauye mudu. Wata kuwa batsa ce aka sa wa riga. Malamai da yawa tsallake shafin suke yi don tsoro, wasu su bar yara su faɗi komai don su kansu ba su gane ba. Duk biyun lalaci ne.

Malam Ezekiel ya san iyakarsa. Ya iya Hausa, amma bai tashi a tsakar gidan Kano ba, kuma akwai kalmomin da ma'anarsu ta biyu sai a can ake jinta. Sai ya je Unguwa Uku ya roƙi Goggo Husaina, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta riƙa zuwa gwajin wasa duk Alhamis bayan la'asar. Ana ajiye mata kujera a gaba. Yara suna wasa, shi idonsa na kanta. In ta yi dariya baki buɗe, maganar ta zauna. In ta ja mayafi ta rufe baki ta sunkuyar da kai, sai ya ja jan layi. Bai taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Kabiru, tsohon ɗalibinsa da yanzu yake tela, yana tuna ranar da aka soke masa maganar da ya fi so.

“Malam, ai nan ne za a yi dariya,” in ji shi.

“Ka ga mayafi ko ba ka gani ba?”

Kabiru ya ce sai bayan ya yi aure ya gane abin da ya so ya faɗa a gaban mahaifiyarsa.

Malam, kai ne wanda bai ji kunyar cewa “ban sani ba” ba, alhali takardarka ta fi ta kowa a ɗakin.

A zangon da ya wuce, Alhaji Zakariyya, shugaban ƙungiyar iyaye, ya ga littafin wasan a jakar ’yarsa. Ya karanta shafi uku, ya rubuta wa makaranta cewa ranar da Malam ya tafi a rufe ƙungiyar wasan. Uban da ya duba jakar ’yarsa ya yi daidai. Kuskurensa shi ne yanke hukunci bai ga aikin ba. Wasu ma sun ƙara da raɗa, wai baƙo ina ya san kunyarmu. Da Malam ya ji, sai ya ce wa Alhaji kawai ya zo ran Alhamis.

Alhaji ya shiga ajin fuska a ɗaure, sai ya ci karo da ƙanwar mahaifinsa zaune a kujerar gaba. Ya durƙusa.

“Goggo, me kike yi a nan?”

“Abin da nake yi shekara ashirin, kai kana can kana sayar da taya. Kai ne aka ce ka rubuta takarda ba mu da kunya?”

“Ba ke nake nufi ba, Goggo.”

“To wa? Samu wuri ka zauna, ka tare mini gaba.”

Malam ya miƙa masa nasa littafin. Shafukan ukun da suka tayar masa da hankali duk da jan layi, har launin ya koɗe don tsufa. Alhaji ya zauna aka gama gwajin. Mayafin Goggo bai motsa ba ko sau ɗaya. Washegari ya je ya karɓe takardarsa.

Ƙungiyar ta tsira. Malama Fiddausi, wadda ta taɓa wasa a gaban wannan kujera, ita za ta karɓa.

Malam Ezekiel, kai ne ka raba hikima da batsa ba tare da ka zubar da duka biyun ba. Mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya. Malaman da suka rage kuwa, kowannenku yana da tsohuwa a unguwarsu da ta fi shi sanin harshen da yake koyarwa. Ku je ku gaishe ta, ku ajiye mata kujera. Fensirin yana hannun Fiddausi, Goggo kuma ta ce ran Alhamis tana nan tafe.