Katakon Fentin Mushe Yoris

Shekara talatin da shida ke nan da rasuwar Mushe Yoris (Mushe kamar a ce Malam ne a Faransanci), mai zane, mutumin yankin Flandre da ke bakin tekun Beljiyam. Ba ɗan'uwana ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Ni dai mai shara ne da ke tasowa daga Montreuil sau biyu a mako, in gyara masa ɗakin aikinsa a Paris. Amma har yau idan an ambaci mutanen kirki, shi ke fara faɗo mini.

Tun yana saurayi bai zana komai ba sai tekun garinsu. Ya fara da jiragen masunta, daga baya ya daina sa jirage, ya bar ruwa da sama kawai. Lokacin da na san shi idonsa ya yi rauni sosai, abin da yake ɓoye wa kowa.

Yana da wani katako da yake cuɗa fenti a kai. Fentin ya bushe ya yi tudu-tudu, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ni kuwa ba na iya ganin dauɗa in wuce. Wata ranar Talata da ya fita, na sa wuƙa na kankare katakon tas, har ina jiran yabo.

Da ya dawo ya shafa shi da yatsunsa, sai ya nemi kujera ya zauna. Ashe da tudun nan yake gane mazaunin kowane launi, da hannu, tun da ido ya gaza. Ga shi saura wata uku a nuna zanensa a Lyon, zane huɗu ba su ƙare ba.

Kwana biyu abinci bai shiga cikina ba. Ran Juma'a na koma na durƙusa na ce, "Mushe, don Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, Idi, gwiwarka ba za ta cuɗa mini fenti ba. Ka cire mini ido, sai ka ara mini naka."

Na ce ni ɗan Damagaram ne, teku sai ta tagar jirgin sama na taɓa hango shi. Ya ce ba komai, in dai faɗi abin da na gani. Haka muka yi. Ya cuɗa, ya miƙo, ni kuma in ce wannan kamar tokar murhu, wannan bayan kurciya, wannan ruwan wankin gero. Ran da na ce wani ya yi kama da cikin jaki, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Shi nake nema! Tekunmu na hunturu ke nan."

An nuna zanen a Lyon, mutane suka yaba. Bai kai shekara biyu ba bayan nan ya rasu.

Yanzu da kowa ke ɗaukar hoton teku da waya cikin ƙiftawar ido, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai ce ne a ajiye wayar a gaya masa launin da baki.

Ni dai abin da ya bar mini shi ne yarda. Na yi masa ɓarna, ya mayar da ni abokin aiki. Sai dai damuwa ɗaya ba ta sake ni ba: idan launin da na faɗa masa ba daidai ba ne fa? Idan na sa tsoho ya zana ƙarya?

Ɗiyata Hadiza, da nake zaune wurinta a unguwar La Guillotière ta Lyon, ta gaji da jin wannan magana. Ta ce za ta saya mana tikitin jirgin ƙasa zuwa garin su Mushe Yoris, ta ce, "Baba, mu je ka gani da idonka, kowa ya huta." Na ce ta bari sai hunturu. Da launin tekun hunturu muka yi aiki, shi zan je in duba.