Akwatin Tsohon Soja da Idon Rabi

'Yan'uwa, yau na kai 'yata Rabi kallo, na dawo ina hawaye!

Wani tsohon soja ɗan Matankari da ya dawo daga Faransa ne ya shigo kasuwar Dogon Dutsi da ɗan akwati mai ramuka biyu na leƙawa. Sai da ya rantse mini ba ya ɓata ido, sannan na leƙa. Wallahi jirgin ruwa na gani ya taso mini! Na ja da baya, mutane suka kwashe da dariya.

Ya ce, "Ba iskoki ba ne, malam. Hoto biyu ne a ciki, kowane ido da nasa. Ƙwaƙwalwa ke haɗa su, sai abu ya yi kamar ka taɓa."

Rabi 'yata ta nace sai ta gani. Ta leƙa.

Na ce, "Ya taso miki?"

"A'a, Baba. Hoto ne kawai, irin na bangon ajinmu a lakwal."

Sojan ya goge gilashin, ta sake leƙawa. Haka dai. Sai ya dube ni, ya ce mata, "'Yata, rufe idon dama. Me kika gani?"

"Duhu."

Na ce akwatin ne ya lalace! Na fizge na leƙa ramin hagu. Ga jirgi nan ras. Inna lillahi! Tun ƙyandar da ta yi tana goye, ko tari ta yi ba na barci, amma ban taɓa zargin idon nan ba.

Gobe zan kai ta asibiti. Ɗazu a hanyar gida ta ja mini riga, ta ce, "Baba, daina kuka. Wai ku da duka biyun kuke gani?"